John Goodricke, kurman da ya auna hasken taurari

An haifi John Goodricke ranar 17 ga watan Satumba na shekarar 1764 a birnin Groningen na ƙasar Holand. Mahaifinsa ɗan Ingila ne, mahaifiyarsa kuwa ƴar Holand. Tun yana ƙaramin yaro wani zazzaɓi mai zafi ya kurumtar da shi. A wancan zamani mutane da dama a Turai sun ɗauka yaron da ba ya ji ba zai mallaki harshe ba, wanda kuma bai mallaki harshe ba, ba shi da zurfin tunani. Saboda haka ba kasafai ake kai kurame makaranta ba.

Iyayen Goodricke ba su bi wannan ra'ayi ba. Da ya kai kimanin shekara 8, sai suka tura shi birnin Edinburgh, makarantar Thomas Braidwood, wadda ita ce makarantar kurame ta farko a Biritaniya. A can ake koya wa yara karatu da rubutu da furuci da karanta motsin leɓe, ana haɗawa da maganar hannu. Masana harshe na lissafa wannan makaranta cikin wuraren da harshen kurame na Biritaniya ya samo tushe. A 1778 ya wuce makarantar Warrington, ya zauna aji ɗaya da ɗalibai masu ji, ya kuma yi fice a lissafi.

A 1781 ya koma wurin iyayensa a birnin York, inda ya ƙulla abota da maƙwabcinsa Edward Pigott, mai nazarin sararin samaniya. Su biyun suka duƙufa wajen lura da taurarin da haskensu ke raguwa yana ƙaruwa. A watan Nuwamba na 1782, Goodricke ya ga tauraron Algol ya dusashe cikin dare guda. Sunan tauraron daga Larabci yake, daga kalmar al-ghul, wato dodo. An san tun kafin lokacin cewa haskensa na sauyawa, amma babu wanda ya gano ƙa'idar sauyin.

Saurayin ya yi ta bibiyarsa dare bayan dare, yana kwatanta haskensa da na taurarin da ke kewaye da shi, yana rubuta lokaci a littafinsa. Daga ƙarshe ya tabbatar cewa Algol na dusashewa duk bayan kwana 2 da kusan awa 21. Ɗaya daga cikin dalilan da ya kawo shi ne cewa akwai wani abu mai duhu da ke zagaya tauraron, yana tare haskensa a duk zagaye. Ya miƙa bincikensa ga ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan a 1783, ita kuma ta ba shi lambar yabo ta Copley, alhali bai cika shekara 20 ba. Sai a 1889 Bajamushe Hermann Vogel ya tabbatar cewa Algol taurari ne masu zagaya juna.

A 1784 Goodricke ya gano irin wannan sauyi a taurarin Beta Lyrae da Delta Cephei. A watan Afrilu na 1786 aka zaɓe shi mamba na Royal Society, amma bayan ƴan kwanaki, ranar 20 ga watan, ya rasu a York yana da shekara 21.

Aikinsa bai tsaya nan ba. A 1912, Henrietta Leavitt ta jami'ar Harvard a Amurka, wadda ita ma ta kurumce, ta nuna cewa taurari irin Delta Cephei, gwargwadon tsawon lokacin sauyinsu, gwargwadon ƙarfin haskensu. Da wannan ma'auni Edwin Hubble ya auna nisan tarin taurari na Andromeda, aka gane cewa yana can wajen namu tarin taurarin.

Ga mai nazarin harshe, abin lura a rayuwar Goodricke yana Edinburgh ne kafin York. Kunnensa bai taɓa warkewa ba. Abin da ya sauya shi ne an ba shi harshe tun yana yaro, ta ido da hannu da alƙalami. Da an bar shi a gida kamar sauran kuramen zamaninsa, da babu littafin da aka rubuta lokutan Algol a ciki. A yau ɗaya daga cikin kwalejojin jami'ar York na ɗauke da sunansa.