Baba ta Karo: Ungozomar da Ilminta Ya Zama Littafi da Sunan Wata

An haifi Baba a wajajen 1877 a Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa, a kan iyakar ƙasar Kano da ta Zazzau. Ta taso a gidan manoma da malamai a ƙarshen zamanin Daular Usmaniyya, lokacin da mahara ke kama mutane a hanyar gona, dangi kuma su sha wahalar tara kuɗin fansa. Tana budurwa da matar aure duk a cikin wannan fargaba, sannan ta ga zuwan Turawa da hana cinikin bayi. Ta yi aure sau huɗu. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi, ta kuma zama ungozomar da ake ji da ita.

A 1949 wani masanin zamantakewa ɗan Jamaika, M. G. Smith, ya zo ƙasar Zazzau yana binciken tattalin arzikin Hausawa wa gwamnatin mulkin mallaka. Kulle ya hana shi shiga gidaje, don haka rabin al'umma ya kasance a rufe gare shi. Matarsa Mary, wadda ta iya Hausa, ita ta zauna da Baba a garin Giwa kimanin mako shida. Baba ta zayyana mata aure da saki, kishi da ƙawance, bori, sana'o'in mata na cikin gida, da rayuwar bayi a rinji. Ba takardar tambayoyi aka cike ba. Dattijuwar ce ke jan zaren hirar.

Ta rasu a 1951. Bayan shekara uku littafin Baba of Karo ya fito a Landan da Turanci, harshen da ba ta ji, sunan Mary Smith kuma a matsayin marubuciya. Har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya.

Wannan tarihi bai tsufa ba. Idan jami'an ƙungiyoyin raya ƙasa suka isa Kazaure, Roni, Gwiwa ko Ɓabura da takardun tambayoyi, mata da manoma ne ke ba da ilmin. Baba ta nuna irin zurfin abin da ke wajensu idan aka saurare su da harshensu. Abin da ya rage shi ne rahoton ya dawo ƙauyen, da Hausa, tun masu bayanin suna raye.