Malam Aminu Kano

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano, a shekarar 1920. Ya yi karatun allo, sa'an nan ya shiga makarantar boko har ya kai Kwalejin Kaduna. Ya koyar a Midil ta Bauci, a 1946 kuma aka tura shi Ingila ƙaro ilmi.

A zamanin nan talakawan ƙauye, irin na ƙasar Bici da Ɗambatta da Minjibir, suna shan wuya ƙwarai. Mutane sun yi yawa, gonaki sun haɗe. Manomi ya wuni yana noman gero da dawa da gyaɗa, in kaka ta yi ya sayar ya biya haraji, makiyayi kuma ya biya jangali. Amma ba a tambayarsu yadda za a kashe kuɗin.

Wannan ya dami Malam Aminu. A 1950 ya ajiye aikin koyarwa ya shiga jam'iyyar NEPU, watau Jam'iyyar Neman Sawaba, daga baya ya zama shugabanta. Ya riƙa bin ƙauyuka da kasuwanni yana koya wa talaka cewa ƙuri'arsa ita ce makaminsa. An ɗaure mabiyansa da yawa, amma shi bai bar hanyar magana da zaɓe ba.

A 1966 sojoji suka karɓe mulki, suka rushe jam'iyyu duka. Aka yi shekara goma sha uku ba a zaɓi shugaban ƙasa ba. Malam Aminu ya riƙe kwamishina a gwamnatin Janar Gowon. A 1977 ya shiga majalisar da ta tsara dokar komawa mulkin farar hula. Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, sai ya kafa jam'iyyar PRP, mai alamar mabuɗi.

A zaɓen 1979, maza da mata suka jefa ƙuri'a. Bai ci shugabancin ƙasa ba, amma jam'iyyarsa ta ci gwamnan Kano da na Kaduna. Nan da nan aka soke haraji da jangali a jihohin biyu. Abin da ya nema shekara talatin ya samu ta hanyar akwatin zaɓe.

Ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, bai tara dukiya ba. Gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero.