Don Baron Jayatilaka, mai ƙamus na ƙasar Silon

Kudu da ƙasar Indiya, cikin teku, akwai wani babban tsibiri. Da can sunansa Silon. Tun shekarar 1972 ake ce masa Siri Lanka. Ƙasa ce mai ruwan sama da yawa, ana noman shinkafa da ganyen shayi da kwakwa. Mafi yawan mutanenta ƴan ƙabilar Sinhala ne, harshensu ma Sinhala ake ce masa, kuma galibinsu addinin Buda suke bi. Akwai kuma ƙabilar Tamil, akwai Musulmi, akwai Kirista.

Turawa iri uku suka yi mulki a wannan tsibiri. Mutanen Fotugal suka fara zuwa, sai mutanen Holan, sannan Turawan Ingila, waɗanda suka mallake ƙasar duka a shekarar 1815. A zamanin mulkin Ingila aka haifi Don Baron Jayatilaka.

Makaranta biyu

An haifi Jayatilaka ran 13 ga watan Fabrairu 1868, a ƙauyen Waragoda, cikin yankin Kelaniya, kusa da Kolambo babban birni. Ubansa ma'aikacin gwamnati ne.

A lokacin nan, wanda yake son babban aiki sai ya iya Turanci. Iyaye masu hali sukan kai ɗiyansu makarantun mishan. Yara da yawa sukan fito da Turanci rangaɗau, amma ba su iya karanta littattafan kakanninsu. Jayatilaka bai bi wannan hanya kaɗai ba. Tun yana ƙarami aka kai shi Widyalankara, makarantar malaman addinin Buda da aka buɗe a 1875. Can ya zauna gaban babban malami Ratmalane Darmaloka. Ya koyi Sinhala sosai, ya koyi Pali da Sanskirit, tsofaffin harsunan da ake rubuta littattafan ilimi da su. Ya kuma shiga lakwal ta mishan, daga nan ya wuce Kwalejin Wesley a Kolambo, inda ya ƙware da Turanci.

Haka ya tashi da ilimi biyu, na gida da na Turawa. Duk aikin da ya yi a rayuwarsa, da su biyun ya yi shi.

Malamin makaranta

A 1880 wani Ba'amurke mai suna Henry Olcott ya zo Silon. Ya haɗa kai da shugabannin ƙasar, suka soma buɗe makarantun zamani na kansu, don yara su sami boko ba tare da sun bar addininsu da harshensu ba. A 1890 aka ba Jayatilaka shugabancin ɗaya daga cikinsu, a birnin Kandi. Ita ce Kwalejin Darmaraja. Shekarunsa 22 a lokacin. Yana koyarwa yana karatu, har ya sami digiri na Jami'ar Kalkata ta Indiya a 1896.

A 1898 ya koma Kolambo, ya zama mataimakin darekta a Kwalejin Ananda, daga baya ya zama darekta. A shekarar nan ya auri Mallika, ɗiyar wani shahararren malami. A shekarar kuma aka kafa ƙungiyar samari mabiya addinin Buda, aka zaɓe shi shugaba. Ya riƙe wannan shugabanci har ƙarshen ransa.

Lauya

Jayatilaka ya lura cewa da dokokin Ingila ake mulkin ƙasarsa. Wanda bai san dokokin ba, ba shi da bakin yin gardama da gwamna. Saboda haka a 1910, yana da shekara 42, ya ajiye alli ya tafi Turai ya zama ɗalibi. Ya karanta shari'a a Jami'ar Oksfod. A 1913 ya gama, ya zama lauya a Landan, ya komo gida yana tsayawa gaban babbar kotu.

Ya tarar da wata damuwa a gida. A 1912 gwamnati ta yi dokar da ta ƙara yawan gidajen giya, domin tana samun kuɗi daga cikinsu. Talakawa suna ta zuba ɗan abin da suka samu cikin giyar kwakwa. Mutane suka kafa ƙungiyoyin yaƙi da shan giya ƙauye ƙauye. Jayatilaka ya shiga gaba. Turawan mulki kuwa ba su ji daɗin ganin jama'a tana taruwa da shugabanninta ba.

Gidan kaso

A ƙarshen watan Mayu 1915 mummunar tarzoma ta tashi a Kandi. Asalinta gardama ce a kan kiɗan biki da aka wuce da shi gaban masallaci. Tarzomar ta bazu har Kolambo. Ƴan tarzoma suka far wa Musulmi, suka kashe mutane, suka wawashe kantuna, suka ƙone masallatai.

A lokacin ana cikin Yaƙin Duniya na Farko. Turawa suka tsorata, suka ɗauka tawaye ne ake shirya musu. Gwamna Chalmers ya miƙa ƙasar ga soja. Soja suka harbe mutane da dama ba tare da shari'a ba, har da waɗanda ba ruwansu. Aka kama shugabannin yaƙi da giya aka rufe su gidan kaso. Cikinsu akwai Jayatilaka, akwai D. S. Senanayake. A waɗannan kwanaki wanda soja suka kama bai san ko zai fito da rai ba. Bayan makonni aka sake su, ba a same su da laifin kome ba.

Da fitowarsa bai koma gida ya yi shiru ba. Ya shiga jirgin ruwa ya tafi Landan, ko da yake jiragen yaƙi suna nutsar da jirage a hanya. Ya kai kuken mutanensa ga ƴan majalisar Ingila da ƴan jarida, cikin harshensu, da hujja daga dokokinsu. Ya nemi a aiko da masu bincike daga Landan. Ba a aiko ba. Amma an canja gwamna, sabon gwamnan kuma ya saki ƴan kaso masu yawa. Jayatilaka ya zauna Ingila har 1919.

Abin da ya faru a 1915 ya buɗe wa mutanen Silon ido. A 1919 suka kafa babbar ƙungiyar siyasa ta ƙasa. A 1923 Jayatilaka ya zama shugabanta. A 1924 aka zaɓe shi ɗan majalisa.

Aikin ƙamus

Ƙamus littafi ne da ake tara kalmomin harshe a ciki, a jera su bisa haruffa, a faɗi ma'anar kowace. Kafin zamanin Jayatilaka akwai ƙamus na Sinhala, amma ƴan mishan suka rubuta su, kamar Benjamin Clough da Charles Carter. Masanan ƙasar suna son wani irin ƙamus dabam, wanda zai nuna asalin kowace kalma, da littafin da ta fara fitowa, da yadda ma'anarta ta sauya.

Aikin yana da nauyi, domin an fi shekara 2000 ana rubuta Sinhala. Rubutun farko a jikin duwatsu yake. Daga baya aka riƙa rubutu a kan busasshen ganyen wani itace mai kama da giginya. Da tsinken ƙarfe ake zana haruffa, a shafa baƙin gawayi da mai don su fito. Irin waɗannan littattafai suna ajiye a gidajen ibada cikin ƙasar duka.

A 1927 aka soma aikin, aka naɗa Jayatilaka babban edita, domin ya san harsunan da da na yanzu. Ga yadda ake yi. Ma'aikaci zai ɗauki tsohon littafi ya karanta. Kowace kalma ya tarar, sai ya rubuta ta a ƴar takarda, tare da jimlar da ta fito a ciki da sunan littafin. Sai a tara takardun, a jera su. Sannan editoci su zauna su gwada jimlolin, su fitar da ma'ana. Su bincika kuma ko kalmar ƴar gida ce, ko an aro ta daga Pali, ko Sanskirit, ko Tamil, ko harsunan Turawan nan uku.

Idan tsohon littafi yana da kuskure, kuskuren zai shiga ƙamus. Don haka Jayatilaka ya riƙa gwada kofe da kofe yana gyarawa, yana buga littattafan. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dampiya Atuwa Gatapadaya, wanda aka rubuta a ƙarni na 10. An kuma gayyato wani masani Bajamushe, Wilhelm Geiger, ya taimaka wajen tsara aikin. A 1935 aka buga kashi na farko. Bayan shekara takwas ana aiki, ba a fita daga harafin farko ba.

Minista

Yana wannan aiki yana kuma riƙe da siyasa. A 1931 aka yi sabon tsarin mulki. Kowane baligi, mace da namiji, ya sami damar jefa ƙuri'a. Jayatilaka ya shiga sabuwar majalisa daga Kelaniya. Ya zama ministan cikin gida, kuma jagoran majalisa. Shi ne babba cikin ministoci ƴan ƙasa. A 1932 sarkin Ingila ya ba shi lambar girma.

Ikon bai cika ba. Baitulmali da shari'a da tsaro suna hannun Turawa, gwamna kuma yana iya hana abin da majalisa ta so. Samari ƴan siyasa suna ganin Jayatilaka ya cika haƙuri da Turawa, suna son a yi sauri. Shi kuwa ya fi yarda da a bi a hankali, ta hanyar doka.

A 1941 ya bar kujerar babban edita. A 1942 sojan Japan suka kama ƙasar Bama, inda Silon take sayo shinkafa. Yunwa ta doso. Jayatilaka, yana da shekara 74, ya tafi Indiya neman abinci. A shekarar nan ya bar minista, ya zama wakilin ƙasarsa a birnin Delhi. Senanayake, abokin zamansa na gidan kaso, ya gaji jagorancin majalisa.

Rasuwarsa

A 1944 ciwo ya kama shi a Indiya. Aka sa shi jirgin sama za a kai shi gida. Ya rasu cikin jirgin, ran 29 ga watan Mayu 1944, yana da shekara 76. Ya bar dukiyarsa don amfanin jama'a.

Abu biyu ya yi wa wahala, bai ga ƙarshen ko ɗaya ba. Silon ta sami ƴancin kai ran 4 ga watan Fabrairu 1948, Senanayake ya zama firaministan farko. Ƙamus kuwa, editoci suka yi ta gadonsa, wani bayan wani, sai a 1992 aka kai harafin ƙarshe. Shekara 65 ke nan daga ranar da aka soma.

Tambayoyi

1. Waɗanne harsuna Jayatilaka ya koya, kuma a waɗanne makarantu?
2. Me ya sa ya koma karatu yana da shekara 42?
3. Me ya kai shi Landan bayan ya fito daga gidan kaso?
4. Yaya ake tara kalmomin ƙamus?
5. Shekara nawa bayan rasuwarsa aka gama ƙamus?
6. Ku tambayi tsofaffin gidanku kalmomi biyar da ba a cika jin su yanzu ba. Ku rubuta kowace a ƴar takarda, da ma'anarta, da jimla guda. Ku jera su bisa haruffa.