Ɗan Hausa: Gadon da Ya Fi Ƙarfin Hoto

Duk wanda ya shiga Gidan Ɗan Hausa da ke unguwar Nasarawa a Kano, zai tarar da gini na ƙasa mai kaurin bango da adon magina, da kayan tarihi, da kuma tsofaffin hotunan Baturen da gidan ya ci sunansa tare da iyalinsa. Ina ganin bai kamata mu tsaya ga kallon hoto kawai ba, domin mutumin nan ya bar mana gadon da muke amfani da shi kullum.

Sunansa na yanka Hanns Vischer, an haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876. Ya fara zuwa ƙasar nan a 1901 a matsayin ɗan mishan, daga baya ya karɓi takardar zama ɗan Ingila, ya shiga aikin mulki, aka tura shi Barno. A 1906 ya ratsa Sahara da ayari tun daga Tarabulus, ta Murzuk da Bilma, har bakin Tafkin Chadi. Saboda yadda Hausa ta zauna a bakinsa ne mutane suka laƙaba masa Ɗan Hausa.

Da Gwamna Girouard ya ɗora masa nauyin tsara ilmin zamani a Arewa, sai da ya je Masar da Sudan ya ga yadda suke yi, sannan ya buɗe makaranta a Nasarawa a 1909. Da Hausa ake koyarwa, cikin haruffan boko, ana haɗawa da sana'o'in hannu. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa. A wannan gida ya zauna da matarsa Isabelle, har Yaƙin Duniya na Farko ya raba shi da Kano. Ya rasu a 1945.

To, mai karatu, a nan gizo ke saƙa. Rubutun da kake karantawa yanzu yana da tushe a wannan gida, haka nan ture ajami daga harkar mulki, alhali da shi malamanmu suka daɗe suna rubutu. Tsarin kuma ya fi karkata ga 'ya'yan sarakuna da malamai, talaka bai samu kaso mai yawa ba, kuma har yau Arewa ba ta gama biyan wannan bashi ba.

Don haka ni ban ɗauke shi waliyyi ba, ban kuma ɗauke shi maƙiyi ba. Roƙona ga hukumar da ke kula da gidan shi ne a kiyaye ginin daga damina, a kuma rubuta cikakken bayani da Hausa a ƙarƙashin kowane hoto, daɗi da ɗaci, domin yaranmu su san inda aka faro. Waiwaye, in ji Hausawa, adon tafiya ne.