Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya koyar da lissafin hatimi a Misira

A shekarar 1741 wani malami daga ƙasar Hausa ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan masanan lissafi da falaki na Misira a wancan zamani. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wato Bafillace Bakatsine. Ɗan maigidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya adana labarinsa a cikin littafin tarihinsa, Aja'ib al-Athar.

A gida ya fara karatu, ya kuma ɗauki ilimi a wurin malamai irin su Muhammadu Alwali na Bagarmi. Daga baya ya kama hanyar gabas, ya sauke farali, ya zauna a ƙasa mai tsarki na wani lokaci kafin ya sauka a Misira. Ya rubuta Bahjat al-Afaƙ, littafin da sunansa ya fi tafiya da shi.

Batun littafin shi ne hatimi, wannan zane mai gidaje da kowa ya saba gani a allon malamai. Ana jera lambobi a gidajen ta yadda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimilla ɗaya za ta fito. A hatimi mai gida uku a kowane gefe, lamba 1 zuwa 9, jimillar 15 ce. A mai biyar, 65. A mai bakwai, 175. Ba dace ba ne: a ninka adadin gefen da kansa, a ƙara ɗaya, a sake ninkawa da adadin gefen, sannan a raba biyu. Ƙa'ida guda mai aiki komai girman zanen, wannan kuwa shi ne zuciyar aljabara. Al-Kashinawi ya bayyana hanyoyin cike hatiman da adadin gefensu mara ne, mataki bayan mataki, yadda almajiri zai bi ba tare da lalube ba.

Gaskiya ne ya haɗa wannan ilimi da asirin haruffa da taurari, kamar yadda malaman zamaninsa suka yi, kuma wani littafinsa, al-Durr al-Manzum, kan ɗalasimai yake magana. Sai dai wannan bai rage komai daga ingancin lissafin ba. Ɗalibin da ke koyon injiniyanci a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, in ya jera lambobi sahu-sahu domin warware matsalar da'irar lantarki, irin wannan tunani yake bi: nemo tsarin da zai maye gurbin gwaji.

Hasan al-Jabarti kansa ya yi karatun hatimi a hannun baƙon nasa, kuma shi al-Kashinawi ya damƙa wa amanar littattafansa kafin ya cika. A Alƙahira aka binne shi, bai sake ganin Katsina ba.