George Da Costa, Mai Hoton Da Ya Bi Hanyar Dogo Zuwa Arewa

Cikin 'yan Nijeriya na farko da suka mai da ɗaukar hoto sana'a, har hukuma ta riƙa nemansu, akwai marigayi George S. A. Da Costa. Mutumin Ikko ne, amma aikinsa ya kawo shi Arewa tun zamanin da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, saboda haka masu sha'awar hoto na Jos da sauran garuruwanmu suna da abin koyo a tarihinsa.

An haife shi a Ikko cikin shekarar 1853, watau shekara takwas kafin Turawan Ingila su karɓe garin a 1861. Asalinsa daga zuriyar mutanen nan ne da suka komo gida daga ƙasar Barazil bayan sun fita daga bauta. Ya yi karatu a makarantar sakandare ta mishan ɗin C.M.S. da ke Ikko, kuma a 1877 ya zama manajan kantin littattafai na mishan ɗin. Aiki ne na mutunci mai albashi, irin wanda mutum kan riƙe har tsufa.

Shi kuwa bai yi haka ba. Ya kashe fam 30 wajen koyon ɗaukar hoto, kuɗi masu kauri a wancan zamani, sa'an nan ya bar kanti ya buɗe ɗakin hotonsa a 1895. A lokacin yana da shekara 42 da haihuwa.

Kayan aikin masu hoto na wannan zamani ba irin na yanzu ba ne. Kyamarar babban akwati ce ta katako, ana ɗora ta bisa sanda mai ƙafa uku. Ko da yake kamfanin Kodak ya fito da ƙaramar kyamara mai fim a Amurka tun 1888, gwanayen sana'a sun daɗe suna riƙe da farantin gilashi wanda aka shafa wa magani, don hotonsa ya fi fita tangaran. Mai hoto yakan lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya duba surar abin da zai ɗauka a jikin gilashin baya, inda take fitowa a kife. Daga nan sai ya yi ta matso da idon kyamara gaba da baya har surar ta fito sosai, kana ya sa faranti. Kowane faranti hoto ɗaya ne tak, ga nauyi, ga saurin fashewa.

Akwai kuma lissafin haske. In an tsuke ƙofar da haske ke shiga, na kusa da na nesa duk sukan fito sarai, amma tilas a bar ƙofar a buɗe ta ɗan jima. A inda haske ya yi ƙaranci akan kai sakan da yawa. In kyamara ta motsa ko mutum ya juya kai, shi ke nan, an yi asarar faranti. Dalilin da ya sa ke nan ƙafa ukun nan ta zama tilas, kuma shi ya sa mutanen da ke cikin tsofaffin hotuna suke a sandare.

Da irin waɗannan kaya Da Costa ya yi wa gwamnati aikin ɗaukar hotunan hanyar dogo. An fara shimfiɗa ta daga Ikko a 1896, ta kai Ibadan a 1901, ta iso Jebba a bakin Kwara a 1909, kuma jirgi ya fara shiga Kano a 1911. Ya ɗauki hotunan aikin daga Ikko zuwa Jebba har Kaduna. Wannan hanya ce ta buɗe kasuwar gyaɗa da auduga, kuma daga Zariya aka ja ƙaramin dogon da ya hau tudun Jos a 1914 don kwasar kuza, wanda aka rufe a 1957.

Sunansa ya daɗa fitowa a 1920, sa'ad da wani Bature mai suna Allister Macmillan ya buga wani babban littafi a Landan mai suna The Red Book of West Africa, wanda ya ba da labarin garuruwa da 'yan kasuwa da masana'antun Afirka ta Yamma. Hotunan Da Costa masu yawa sun shiga littafin, har da waɗanda ya ɗauka a Kano, kuma mai littafin ya yaba shi a kan cewa ya fi duk masu hoton Nijeriya gwaninta da suna. A zamanin da galibin hotunan ƙasar nan baƙi ne ke ɗauka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da Costa ya rasu a 1929 yana da wajen shekara 76.

Yau yaro da wayar hannu yana iya ɗaukar hoto ɗari kafin a sha shayi, amma ƙa'idar ba ta sake ba. Wanda zai ɗauki duwatsun Shere ko na Riyom da sassafe ko da almuru, lokacin da haske ya yi laushi kuma iskar Jos ke kaɗawa, sai ya kafa kyamararsa a ƙafa uku ko ya jingina ta da dutse, ya tsuke ƙofar haske, ya yi haƙuri. In ya wanke hoton kuma, ya rubuta sunan wurin da shekara da sunansa a baya. Hotuna da yawa na zamanin Da Costa suna nan, amma ba a san wanda ya ɗauke su ba, don ba a rubuta ba.