John Lions: Malamin da ɗalibai suka riƙa buga littafinsa a ɓoye kusan shekara 20

Duk mai riƙe da wayar Android yana amfani da manhajar Linux, ko ya sani ko bai sani ba. Idan aka bi salsalarta, sai an biyo ta ajin wani malamin jami'a ɗan Ostareliya mai suna John Lions.

An haife shi a birnin Sidni a 1937. Ya samu digirin digirgir a Jami'ar Kambirij ta Ingila a 1963, ya yi aiki a Kanada da Amurka, sannan ya koma gida a 1972 ya fara koyarwa a Jami'ar New South Wales.

A lokacin, ɗalibai kan ji bayanin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a baki kawai, domin kamfanoni ba sa nuna wa kowa asalin rubutun manhajojinsu. Sai jami'ar ta samu Unix daga kamfanin AT&T, haɗe da asalin rubutunta. Lions ya lura cewa zuciyar manhajar ba ta kai layi 10,000 ba, wato ɗalibi mai himma zai iya karance ta tas.

Ya tattara rubutun, ya sanya wa kowane layi lamba, ya bi shi da sharhi kamar yadda malamin zaure ke warware wa almajiri matani. Har direbobi ya yi wa bayani, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa kwamfuta da sassanta irin su faifan ajiya da na'urar buga takardu. Aikin ya fito a 1977.

A 1979 AT&T ya fitar da Unix zubi na 7 da sabon lasisi wanda ya haramta karantar da rubutun a aji, saboda ya fara ganin kuɗi a harkar. Littafin ya zama sai masu lasisi. Amma ina! Ɗalibai suka koma wa injin fotokofi, ana kwafa daga kwafi har wasu shafuka suka dusashe.

A ganina kamfanin ya yi wa kansa. Wannan haramci ne ya sa Andrew Tanenbaum, malami a Amsterdam, ya rubuta Minix a 1987 don ɗalibansa. A kanta kuma Linus Torvalds na Finland ya koyi aiki, ya fara Linux a 1991.

Rigimar ba ta mutu ba, ta dai koma kan direbobi. Linux a buɗe take, amma direbobi da dama na hoto da kyamara a wayoyi a kulle suke, shi ya sa waya mai lafiya kan daina samun sabuntawa da zarar kamfani ya juya mata baya. Sai a 2022 Nvidia ya buɗe wani ɓangare na direbobinsa na Linux.

Shi kuwa Lions, a 1996 aka ba da izinin buga littafinsa a fili, bayan matsin lambar abokai, ciki har da Dennis Ritchie, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix. A lokacin rashin lafiya ta riga ta ci ƙarfinsa. Ya rasu ranar 5 ga Disamba, 1998, yana da shekara 61. Daga baya jami'arsa ta kafa kujerar farfesa da sunansa.